Ƙarafan Jira

Abu biyu Alhaji Baƙo ya ajiye a gaban Tasalla a kan tabarma: guntun katakon maɗaci, da wani ɓallen kankare mai tsakuwa a jiki. Ya karkaɗe hannuwansa, ya gyara babbar riga, ya yi murmushin nan nasa da ke fito da haƙorin Makka.

"To, uwar Iyatu, ga su nan. Ke za ki zaɓa mana abin da za a rufe saman benen nan da shi. Gidan mijinki ne, gidan 'ya'yanki ne. Ni ɗan aike ne kawai."

Tasalla ta ƙara jan mayafi ta sunkuyar da kai. Tun ranar da kamiyo, babbar motar ɗaukar shanu, ya kife da mijinta Salihu a hanyar Kandi, ba wanda ya tambaye ta ko da gishirin miya ya ji. An yi zaman makoki, an yi sadaka, ta yi takaba ta fita, duk ana ta yanke magana a kanta tana ji daga bayan ƙofa. Yau ga wan mijinta da kansa, a gaban maƙwabta biyu da Dogo magini, yana cewa ta zaɓa. Sai ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Ta ɗauka karramawa ce.

Salihu falken shanu ne. Daga rugagen Borgu yake sayowa, ya loda a jirgin ƙasa a tashar Paraku zuwa Kwatano. Shekarun nan da Dahome ta karɓi mulkin kanta, kowa ya ɗan samu sai ya ce zai yi gini irin na Turawa, shi ma ya kafa bene a unguwar Albarika, nan Paraku. An gama ƙasa, an tayar da bangon sama, an bar ramukan taga, sai ajali ya riga rufi. Damina ta zo ta sami saman a buɗe, ruwa yana gangarowa ta matakala har ɗakin da Tasalla ke kwana da 'ya'yanta mata biyu, Iyatu da Memuna.

Asalinsu duka mutanen Jugu ne, jikokin fataken goro, don haka can aka yi sadakar arba'in. A nan ne Malam Idrisu, limamin zuriyar, ya yanke magana da aka tayar da zancen gado. Ya ce ba a raba gida kansa a buɗe. A sayar da ragowar shanun marigayi a rufe gidan, ranar da aka rufe a raba. Kowa ya san yadda rabon zai kasance: tumuni na Tasalla, mafi yawa na 'yan matan, ɗan abin da ya saura na Alhaji. Kafin nan kuwa riƙon komai yana hannun Alhaji, tunda shi ne babba.

"Dogo, yi mata bayani," in ji Alhaji.

Dogo ya tsuguna, ya ɗauki katakon. "Uwar gida, wannan shi ne na da. A jera katako, a buga silin a ciki, a ɗora kwano a waje. Aiki ne mai sauri, ɗaki kuma yana yin sanyi. Amma akwai gara, akwai ɓeraye, iska mai ƙarfi tana yaye kwano. In kuma tsautsayi ya kawo gobara, to sai dai Allah ya kiyaye." Ya ajiye, ya ɗauki ɓallen kankaren. "Wannan kuma shi ne dal. A shimfiɗa ƙarfe a zuba kankare. Ba ruwansa da gara, ba ruwansa da wuta. Jikokinki ma za su tarar da shi."

Kalmar gobara ce ta tsaya wa Tasalla a rai. Tana yarinya wuta ta cinye gidansu a Jugu, har yau in ta ji ƙaurin hayaƙi sai gabanta ya faɗi. Ta kuma tuna yadda Salihu kan dawo daga Kwatano yana ba ta labarin gidajen da ake hawa kansu a shimfiɗa tabarma a sha iska. Yakan ce, "Irin shi zan yi miki, ki riƙa shanya kuɓewarki inda akuya ba ta kaiwa."

Ta miƙa hannu ta taɓa kankaren.

"Wannan, Yaya. Shi marigayi yake so."

Dogo ya sosa ƙeya. "Sai dai ita dal, uwar gida, in an zuba ta..."

"Bon, ta zaɓa," Alhaji ya katse shi, ya juya ga maƙwabtan. "Kun dai ji da kunnenku. Ba ni na ce ba, ita ta ce. Allah ya sa albarka."

Suka shafa fatiha. Tasalla ta koma ɗaki tana yi wa wan mijinta addu'a.

* * *

Ranar zuba dal, Albarika ta cika kamar ranar suna. Leburori sun yi layi a kan matakala, kwanon kankare yana tafiya daga kai zuwa kai, ana waƙa da Dandanci ana amsawa da Hausa. Tasalla ta ɗaura ɗamara tun da safe, ita da matan maƙwabta suka tuƙa tuwon dawa, suka daka sakwara, don an ce aikin dal ba a tsayawa sai an kai ƙarshe. Har dariya ta yi a ranar, abin da ta manta yadda ake yi.

A ranta ta riga ta gama tsara komai. In an raba, ita da 'ya'yanta za su riƙe sama, su sa haya a kasonsu na ƙasa, ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli, ta daina aika Iyatu gidan Alhaji karɓo cefane kamar mai roƙo.

Da aka cire katakan da suka tallafi kankaren, ta hau ta ga aikin. Fili ne shimfiɗaɗɗe, fari fat, daga nan ana hango hayaƙin jirgi a tasha. Amma a kowace kusurwa da tsakiyar kowane bango, ga ƙarafa huɗu-huɗu sun fito daga cikin kankaren sun miƙe sama, tsawonsu ya kai ƙirjin mutum.

"Dogo, waɗannan fa? An manta ba a yanke ba?"

Dogo yana tattara kayan aikinsa, bai ɗago ba. "Ƙarafan jira ke nan, uwar gida. Haka ake barinsu."

"Jiran me?"

"Jiran abin da za a ɗora. Alhaji ya ce a bar su."

Ta so ta ƙara tambaya, amma ya riga ya saɓa buhunsa ya kama matakala. Ta tsaya tana kallonsu. Ta ce a ranta, aikin maza ne, su suka san kansa. Ruwa dai ya daina shiga, kuma ita abin da ta sani ke nan.

* * *

Ta jira wata ɗaya, ta jira na biyu, Alhaji bai ce uffan ba. Da ta tuna masa sai ya ce, "Ai sai mu je Jugu, a gaban Malam aka ɗaura, a gabansa za a kwance." Ta ji daɗin haka. Ta shiga motar Jugu da sabon zane.

Abu na farko da ta gani da suka shiga unguwarsu shi ne masallacin Malam Idrisu. Tsohon rufin ya tafi, sabon kwano yana walƙiya a rana har yana kashe ido. Wata mai tallan goro ta ce mata ai Alhaji Baƙo ne ya yi, Allah ya saka masa. Tasalla ta ce amin, amma amin ɗin bai wuce leɓenta ba.

A zauren Malam ta durƙusa daga bakin ƙofa. Tsohon yana kan buzu, idanunsa sun yi fari da yana, dattawa sun kewaye shi, Alhaji a cikinsu.

"Allah ya gafarta Malam, an rufe gida. Na zo a cika alkawarin marayu."

Malam ya juya inda yake jin numfashin Alhaji. "Baƙo, haka ne?"

Alhaji ya yi ajiyar zuciya irin ta mutumin da aka ɗora wa kaya. "Allah ya gafarta Malam, ba wanda ya kai ni son sauke wannan nauyi. Dukiyar maraya wuta ce. Amma ina tsoron in karya maganarka. Cewa ka yi sai an rufe. To abin da aka zuba ba rufi ba ne, daɓe ne."

"Daɓe?" Maganar ta kuɓuce wa Tasalla.

"Daɓen bene na gaba. Rufi shi ne abin da ba a hawa, ba a ɗora komai a kansa. Wannan kuwa matakala ta kai har can, ga ƙarafa a tsaye suna jiran ginshiƙai. Duk wanda ya wuce ta Albarika ya ɗaga kai ya san gini bai ƙare ba."

"Malam, ruwa ba ya shiga, rana ba ta shiga. In wannan ba rufi ba ne, me ake kira rufi?" in ji Tasalla.

"Ɗakunan ƙasa ma ruwa ba ya shiga ta samansu tun marigayi yana da rai," in ji Alhaji a hankali. "Amma ba wanda ya ce an gama gida ranar da aka zuba musu nasu."

Dattawa suka gyaɗa kai. Maganar ta yi musu daɗi, irin wadda za a maimaita a majalisa. Malam Idrisu ya daɗe yana jan carbi. Shi bai taɓa ganin dal ba, kuma ba zai gani ba. Abin da ya sani shi ne damina ta wuce bana ba a tara wa yoyo kwano a sahun gaba na masallacinsa ba. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

"Da katako da kwano aka sa, da an gama?" ya tambaya.

"Da an gama, Allah ya gafarta Malam. Ba a gini a kan kwano."

"To wa ya ce a zuba kankare?"

Alhaji ya juya ya dube ta, ya bar mata amsar. Tasalla ta tuna tabarmar, ta tuna maƙwabtan nan biyu, ta tuna yadda ta miƙa hannunta da kanta. Sai yanzu ta gane dalilin da ya sa aka kira shaidu.

"Ni ce," ta ce.

"To, 'yata, sai haƙuri. Magana tana nan yadda take. Ranar da aka rufe a raba."

A cikin gida ta faɗa jikin mahaifiyarta, Inna Gaji, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar mutuwar. Tsohuwar ta bar ta har ta gaji.

"Ki dawo gida mana, Tasalla. Ɗakina ya ishe mu."

"Inna, in na fito daga gidan nan ba zai ba ni yaran ba. Zai ce 'ya'yan ɗan'uwansa ne. Kuma ranar da na sa ƙafa waje, ranar zai zuba 'yan haya a sama, shi ke nan ko ƙofar ba za mu ƙara gani ba."

"In kin zauna fa?"

"In na zauna, ina nan dai."

Gaba kura, baya siyaki. Inna Gaji ta ƙulla mata daddawa da kuka a tsumma, ta raka ta tasha.

* * *

Alhaji bai kore ta ba. Da ya kore ta da mutane sun yi magana, shi kuwa mutum ne mai kula da bakin mutane. Cewa ya yi ta koma sama ita da yaran, ai sabon ɗaki ya fi dacewa da matar ɗan'uwansa. Ƙasa kuma ya cika shi da direbobin kamiyo da ke kwana a Paraku kafin su wuce arewa, ɗaki ɗaya ya mai da shi ma'ajiyar goro. Kuɗin haya, in ji shi, ana tarawa ne don a ƙarasa gini.

Abin da Dogo bai faɗa ba ranar zaɓe shi ne zafi. Kankaren yakan sha rana tun safe, da la'asar ya fara amayar da ita cikin ɗaki. A bazara ko bango ba ya taɓuwa. Memuna ta yi ƙurajen zafi har fatarta ta saɓule. Tasalla takan jiƙa zane ta lulluɓa mata, ta zauna tana fifita, tana kallon abin da ta zaɓa a saman kanta. Ta tsani Alhaji, wannan ba ta ɓoye wa zuciyarta ba. Amma ta fi tsanar hannunta na dama.

Shekaru suka yi ta wucewa. Sojoji suna juya mulki a Kwatano kamar mai juya waina, benen Albarika yana nan yadda yake. Ƙarafan suka yi tsatsa, damina tana wanko jan ruwansu yana bin bango. In an tambayi Alhaji a masallaci sai ya ce, "Muna kan gini, siminti ne ya yi tsada, ku sa mu a addu'a." Har yabonsa ake yi, ana cewa samun wa irinsa sai an tona, ya riƙe matar ƙaninsa da marayu bai gaji ba.

Iyatu ta girma ta sami miji, wani tela a unguwar Kpebiye. 'Yar da ke da kaso mafi tsoka a bene guda, da kwanukan aro aka yi mata jere. Ranar da aka kai ta, Tasalla ta dawo ta wuce sama kai tsaye. Washegari ta je bakin tasha wurin masu gyaran mota, ta aro zarton yankan ƙarfe.

Da hantsi ta hau. Ta durƙusa a gindin ƙarfen da ke kusurwar gabas ta fara gogawa. Ƙarar ta fito da direbobi tsakar gida suna ɗaga kai. Ba ta kula su ba. Tafin hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe, gumi yana shiga idonta. Rana ta take tsaka kafin ƙarfe ɗaya ya faɗi, haƙoran zarton kuma sun cinye. Ta ɗaga kai ta dubi sauran, suna nan tsaye birjik.

A haka Alhaji ya same ta, don an riga an kai masa labari. Ya hau yana haki, direbobi biyu a bayansa. Ta miƙe da zarto a hannu, ta shirya wa faɗa. Da ma ya yi faɗan.

"Subhanallahi. Uwar Iyatu, dubi hannunki." Muryarsa a sanyaye.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Ka raba mana abinmu. Gidan nan a rufe yake, kai ma ka sani."

"Ni na ce a zuba dal?"

"Ka san abin da kake yi ranar da ka ce in zaɓa."

Ya juya ga direbobin yana girgiza kai. "Kun gani ko? Rashin miji ba ƙaramin abu ba ne. Tun rasuwar ƙanina ba ta dawo daidai ba." Ya sunkuya ya ɗauki guntun ƙarfen, ya jujjuya shi. "Yanzu ga shi kin jawo mana aiki. Sai an fasa kan ginshiƙin nan an ɗaura wani kafin a ci gaba. Ba komai. Za mu yi, a hankali."

Kafin magariba labari ya zagaye Albarika cewa matar marigayi Salihu ta taɓu. Matan da ke sayen ƙuli-ƙulinta suka fara aiko yara maimakon su zo da kansu. Ta mayar da zarton, ta ba mai shi haƙuri a kan haƙoran.

* * *

Shekarar da ƙasar ta canza suna daga Dahome zuwa Benin, Malam Idrisu ya rasu, ɗansa ya gaji limanci. Sabon limamin ya aiko cewa zai zo Paraku bayan Salla, kuma yana so ya ga gidan marayun nan da aka daɗe ana magana. Tasalla ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta wanda ta ɗauka ya mutu.

Ana saura kwanaki ya zo, sai ga amalanke a ƙofar gida da bulo 'yan kaɗan da buhun siminti ɗaya. Dogo ne ya hau da su, ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa. Ya jera sahu ɗaya a gefen da ake gani daga titi, ya ɗora na biyu a kan rabinsa, simintin ya ƙare. Da zai sauka suka yi kiciɓis a matakala. Ya kawar da kai.

"Uwar gida, a riƙa ba su ruwa safe da yamma. In ba haka ba za su tsage."

"In sun tsage fa?"

"Sai an rushe a sake."

Liman ya zo, ya tsaya a titi tare da Alhaji, ya ɗaga kai ya ga sabon bulo. Ya ce ma sha Allah, ashe aiki yana tafiya. Ya aiko a gaishe da Tasalla, a ce mata ta ƙara haƙuri, an kusa. Bai hau ba, don gwiwarsa tana ciwo.

Da yamma Memuna ta dawo daga talla ta tarar da uwarta a matakala, da bokiti a ka, tana hawa tana dafa bango.

"Inna, don Allah ki bari. Kin san ba gini yake yi ba. Ki bar su su farfashe."

Tasalla ta tsaya ta numfasa. Furfura ta fito mata ta gefen ɗankwali.

"Na sani, Memuna. Amma in sun fashe, baya za mu koma. Waɗannan ko ba komai sahu ɗaya da rabi ne."

Ta ƙarasa hawa. Ta sauke bokitin, ta ɗebi ruwa da ƙoƙo ta bi bulon ɗaya bayan ɗaya tana zubawa. Sun sha rana, suna tsotse ruwan tun kafin ta kai na gaba. Da ta isa ƙarshen sahun ta waiwaya, na farkon ya riga ya bushe. Ta ɗauki bokitin ta sauka ɗebo wani.